Faifan Tarakta Huɗu Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta kasa zama wuri ɗaya, ni Borislav Grujin na unguwar Telep a nan Novi Sad, tsohon mai karanta mitar lantarki, a madadin kaina da maiɗakina Desanka da yayana Tihomir na Futog, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki, da duk masu shimfiɗa kaya a kasuwar gwanjo ta Najlon, rasuwar abin ƙaunarmu, ƙaramin faifan garmaho na ƙungiyar Tarakta Huɗu. Rai ya yi halinsa ranar Alhamis da ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, a kan teburin kicin ɗin yayana, bayan jinyar kwana tara. Ya rasu yana da shekara hamsin da ɗaya a duniya.

Mai buga mana takardun mutuwa ya ce takarda ɗaya ake liƙawa a jikin bishiya: suna, hoto, lokacin jana'iza, shi ke nan. Na ce masa ya ƙaro takarda. Wanda ya gaji da tsayuwa ya je ya dawo, ni ma ba a zaune na rubuta ba.

An haifi marigayi a Belgrade cikin shekarar 1973, shi da 'yan uwansa ɗari uku, duk rana ɗaya. Iyayensa samari huɗu ne masu aiki a masana'antar ƙera kayan noma, waɗanda suke haɗuwa bayan an tashi aiki su yi ta kiɗa a ɗakin taron ma'aikata har mai gadi ya kore su. Mai ganguna a cikinsu shi ne yayana Tihomir. Shekara biyu suna zarya kafin a ba su awa uku a ɗakin ɗaukar murya. Waƙa biyu suka yi, kowace fuska ɗaya. Ba wanda ya saya. Iyaye da 'yan mata suka karɓi kamar arba'in, sauran aka jibge a ɗakin ƙasa na masana'antar, wata shekara ruwa ya shiga ya gama da su. Ƙungiyar ta watse: mai waƙa ya yi aure, mai jita ya tafi Jamus, na huɗun ya zama ɗan sanda. Namu faifan shi ne wanda Tihomir ya kawo wa iyayenmu. Da mahaifiyarmu ta rasu aka raba gado, shi ya ɗauki gidan Futog, ni na ɗauki keken ɗinki da garmaho da abin da ke cikin akwatinsa.

Marigayi baƙi ne wuluk, siriri, mai sheƙi, faɗinsa bai wuce ƙaramin faranti ba. Mai haƙuri ne, bai taɓa magana ba sai an nema. In aka ɗora masa allura sai ya fara da gyaran murya, shiii, kamar albasa ta faɗa cikin mai, sannan daga can nesa a ji yayana, yana ɗan shekara ashirin da uku, yana cewa ɗaya, biyu, ɗaya biyu uku. Fuskar farko waƙar soyayya ce, kuma tunda ba a aibata mamaci ba zan ce komai a kanta ba. A fuska ta biyu ne, wajen tsakiya, mai waƙa ya manta baitinsa. Sauran suka tsaya suna kallonsa, Tihomir kuwa bai tsaya ba. Sakan goma sha biyu yana dukan ganguna shi kaɗai, dum, ta-ka-dum, dum-dum, ta, kafin mai waƙa ya tuna inda ya kwana. Ba su da lokacin sake ɗauka, aka bar shi haka.

Sau ɗaya marigayi yake fita aiki a shekara, ranar slava, bikin waliyyin gidanmu, a watan Nuwamba. Bayan an yanka burodin biki, an ci an sha, Tihomir zai ture farantinsa ya ce, “Bora, sa mana shirmen nan.” In tashi in sa. Ya rufe ido yana bin kiɗan da cokali biyu a bakin tebur. Ko bayan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi shekara tara da suka wuce, ya kashe masa hannun dama, bai fasa zuwa ba. 'Yarsa takan kawo shi a mota, ya bi kiɗan da cokali ɗaya.

Za a ce zafi ne ya kashe marigayi. Ni na san ciwon ya shige shi tun wata Lahadi shekara shida da suka wuce, kuma ta bakina ya shiga.

Na je Najlon neman sabuwar allura, na tsaya a teburin Zoltan, wanda kowa ya sani yana sayar da tsofaffin fayafai cikin kwalayen ayaba. Yana cin burek, burodinmu mai nama a ciki, yana duba wayarsa, sai ya ɗago.

“Kawu Bora, kai da ka ga zamanin da, ka taɓa jin wasu wai su Tarakta Huɗu?”

“Jin su? Ni nake ɗaukar musu ganguna a ka.”

“Kar dai ka ce min kana da faifan.”

“Yana gida a akwati, kusa da takardun fansho.”

Zoltan ya ajiye burek ɗin, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya a jikin wando. Ya bayyana mini cewa masu haɗa kiɗan zamani a Holan da Japan sun gano waɗannan sakan goma sha biyun, suna yanko su suna jerawa, matasa suna rawa a kai a ƙasashen da yayana bai taɓa takawa ba. Ya ce guda bakwai kaɗai aka san suna raye a duniya, in an haɗa da nawa.

“Yuro ɗari uku, Kawu. Yanzu. Je ka kawo, ina nan.”

Kusan fanshona na wata guda ke nan. Na ce zan yi tunani. Ban hau bas ba, da ƙafa na dawo gida, kuma ban san lokacin da na iso ba.

Washegari Zoltan ya zo duba shi. Ya tsaya a bakin taga da gilashinsa na ƙara girma, ya riƙe marigayi ta gefe kamar mai riƙe jinjiri, yana juya shi a cikin haske. Sai ya ja tsaki. A fuska ta biyu, daidai inda ganguna suka ƙare, akwai tabo ɗaya, ɗan siririn ƙarce. Mun saba da shi. In allura ta zo wurin takan ce tak, tak, tak, sau uku, ta wuce.

“Wannan ya cinye maka kashi ɗaya cikin uku,” in ji Zoltan. “Wa ya yi wannan ta'asar?”

“Haka na tarar da shi da na dawo daga aikin soja.”

“To daga yau kar a ƙara sa shi. Allura ci take yi, Kawu. Duk sawa ɗaya, ka ƙona yuro goma.”

Kafin ya tafi ya karɓi wayata ya nuna mini shafin da masu tara fayafai suke rubuta farashi. Allah ya yafe masa, ni na yafe.

Shekara talatin da biyar ina yawo gida-gida ina karanta mita, ƙafata ba ta saba da zama ba, amma da na yi ritaya na fara koyo. Wannan shafin ya mayar da ni baya. Da asuba kafin in wanke fuska sai na duba. A layin burodi in duba. A coci ma na taɓa dubawa a bayan ginshiƙi. Ɗari uku ya zama ɗari bakwai, ɗari bakwai ya haura dubu. Duk wanda ya taya sai in ce a ba ni mako guda, mako ya cika in ce a ƙara. Na saya wa marigayi rigar leda, na saya wa kaina farar safar hannu. Na ɗauke shi daga falo saboda rana tana shigowa, na ɗauke shi daga ɗakin kwana saboda bangon yana danshi, na ɗauke shi daga saman kabad saboda bututun murhu ya bi ta wurin. A wata guda ya yi ƙaura huɗu.

“Shekara arba'in ina gidan nan,” in ji Desanka, “ba ka taɓa tambaya ko ɗakina da danshi ba.”

Ina da hujja, kuma ina so a rubuta ta a nan. Akwai asibitin ruwan zafi da ake kai masu shanyewar jiki, suna gasa musu gaɓoɓi suna motsa su, an ce wasu hannunsu yakan ɗan dawo. Na ƙudurta da kuɗin faifan zan kai Tihomir. Gaskiya ne, da farko. Da farashi ya isa wata guda sai na ce wata guda ba zai yi komai ba, bari ya isa biyu. Da ya isa biyu sai na ce ai uku likita ya fi so. Ban taɓa faɗa wa Tihomir ba, ban taɓa tambayarsa ko yana so ba.

Slava ta zo. Tihomir ya ture faranti. “Bora, sa mana shirmen nan.”

“Yaya, allurar ta lalace.”

Ya dube ni, ya ajiye cokalinsa. Shekara ta biyu na ce injin yana ja, sai an kai gyara. Shekara ta uku bai ma bari na buɗe baki ba.

“Nawa ya kai yanzu?”

Na kalli Desanka, ta kalli rufi. Na ce, “Dubu ɗaya da ɗari biyar.”

“Kuma sawa ɗaya goma, ko ba haka aka ce ba?” Ya laluba aljihunsa da hannun hagu, da ƙyar ya zaro takardar kuɗi ya ajiye kusa da burodin biki. “Ga kuɗin shiga. Sa min.”

“Yaya, don kai nake yi. Don hannunka.”

“Hannuna ya mutu, Bora. Kunnena ne da rai.”

Baƙi goma sha ɗaya suna zaune, ba mai tauna. Na tashi, na je har bakin kabad, na taɓa marfin. Sai na tuna an rubuta a shafin cewa wani ya sayi nasa dubu ɗaya da ɗari takwas saboda ba a taɓa sa shi ba tun da aka buga. Na dawo na zauna. Tihomir ya ce wa 'yarsa ta kawo masa sandarsa. Bai jira kayan zaƙi ba, kuma bai ɗauki kuɗinsa ba.

Shekara uku bai ƙara taka gidana ba. Futog tafiyar rabin awa ce a bas. Ran sabuwar shekara mukan yi waya, minti biyu, mu yi maganar sanyi.

Yanzu ga ciwon ajali.

Ƙarshen watan Satumba ne, ranar da muke yin ajvar, miyar tattasan da muke durawa a kwalabe, ranar da duk unguwa take ƙamshin gasasshen tattasai. Desanka ta hura murhu a tsakar gida tun safe, buhu biyu na tattasai ta gasa ta ɓare ta niƙa, babbar tukunya tana kan wuta tana tafasa. Zoltan ya kira ya ce wani ɗan Holan ya taya dubu huɗu, amma yana son hotuna a cikin hasken rana, yau ɗin nan. Na rantse da kabarin mahaifiyata na yanke shawarar karɓa. Na sa safar hannu, na zare marigayi daga rigarsa, na fito da shi tsirara na kwantar a kan teburin tsakar gida, nesa da murhu. Na ɗauki hoto shida. Wayar ta sake ƙara.

“Kawu Bora, wani ɗan Japan ya ji labari. Kamar zai ƙara ɗari biyu.”

“Kamar, ko zai?”

“Me ka ce? Ba na jin ka, fito waje.”

Toka tana tashi daga murhu, don haka na ɗauki jarida na rufe marigayi da ita, minti ɗaya kawai. Na je bakin ƙofa. Ni ba na iya waya a tsaye. Daga ƙofa na kai kwana, daga kwana na kai gidan burodi, muna ta lissafin wanda ya fi gaskiya tsakanin mutum biyun da ban taɓa gani ba. Da na dawo an yi minti ashirin da biyar. Murhu babu komai a kai. Tukunya tana kan tebur.

“Desa, ina jaridar da ke nan?”

“Tana ƙarƙashin tukunya. Na gode da ka shimfiɗa min, yau ka yi abin kai.”

Tare muka ɗaga tukunyar, ni da safar hannu ta fara, ita da tsumma. Rabin marigayi ne ya shiga ƙarƙashinta. Wannan rabin ya yi laushi, ya tashi ya tanƙware kamar ganyen kabeji. Desanka ta zauna a kan buhun tattasai ta rufe fuska da gyalenta. Ina sanar da jama'a, kuma a karanta wannan layin da kyau, cewa ba ta da laifi ko ƙwayar zarra. Shekara arba'in tana ɗora tukunya a kan jarida a wannan teburin.

Kwana tara muka yi jinya. Na ciro gilasai biyu daga tagar ɗakin ajiya na kwantar da shi a tsakani, na danne da littattafai da kwalaben ajvar ɗin da suka huce. Zoltan ya ce a bar shi mako biyu kar a taɓa. Ni kuwa duk awa biyu sai na ɗaga na leƙa. Na kai shi rana, na dawo da shi inuwa, na ƙara nauyi, na rage. Rana ta shida Zoltan ya zo, bai ma ciro gilashinsa ba.

“Kawu Bora, sai haƙuri. Ko agogon bango ba za a yi da shi ba.”

“Ko hamsin?”

“Kawu.”

Ɗan Holan ya aiko da layi ɗaya na jaje, mutumin kirki. Na Japan bai ce komai ba. Da yamma na buɗe shafin, don yatsana ya riga ya saba, na tarar farashi ya tashi. Labari ya bazu cewa saura shida.

Ban iya zama ba, ban iya kwanciya ba. Daga kicin zuwa ƙofa taku goma sha huɗu ne, na auna. Ranar Alhamis da hantsi na fito na tarar Desanka ta naɗe garmaho a cikin bargo ta ɗaure da igiyar shanya, ta mayar da marigayi cikin rigarsa iyakar yadda zai shiga, ta ɗora kwalbar ajvar ɗaya a kai.

“Bas ɗin Futog ƙarfe biyu,” ta ce. “Fita min daga gida, tsoho, ka cinye min daɓe da sintiri.”

“Me zan ce masa?”

“Shekara uku kana da waya a hannu, yau ne za ka tambaye ni?”

A bas na rungume garmaho a cinya. Sau biyu na tashi zan sauka.

Na tarar da Tihomir a kicin yana ɓarar wake da hannu ɗaya, yana danne kwanson da gwiwar hannu. Ya rame. Gashin kansa duk ya tafi. Ya dube ni, ya dubi bargon.

“Wa ya mutu?”

“Ba kowa, Yaya.”

“To me ya kawo ka?”

Na zare marigayi na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa ya danna gefe ɗaya, ɗaya gefen ya ɗaga. Sai ya fashe da dariya, dariyar da ta koma tari, har sai da na ɗebo masa ruwa.

“Sai da ya tashi daga kuɗi ka tuna yana da murya.”

Ya jawo wayarsa daga cikin kwanon wake, ya latsa da babban yatsa, ya ajiye a tebur. Sai ga shi: ɗaya, biyu, ɗaya biyu uku. Tsaf, ba ko ƙura.

“Wani a Holan ya ɗora nasa a intanet. 'Yata ta sa min tun bara waccan. Kullum ina ji.”

“To in haka ne, Yaya, me ya sa ka yi ta nace min?”

“Yi shiru ka saurara.”

Ganguna suka zo, suka yi sakan goma sha biyunsu, mai waƙa ya dawo, waƙa ta ci gaba sumul. Tihomir ya kashe wayar.

“Ka ji? Babu Baba a ciki.”

Mahaifinmu, ga waɗanda ba su riske shi ba, ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mutum mai ɗaure fuska, wanda ko a ranar aurensa an ce bai taka rawa ba. Kiɗa a wurinsa sana'ar 'yan iska ce. Shekara guda cur bai yi wa Tihomir magana ba saboda ganguna, faifan da aka kawo masa ma bai taɓa ba. Wannan na sani. Abin da ban sani ba, shi Tihomir ya ba ni a kan kwanon wake.

A slavar 1974, ina can barikin soja a kudu, bayan Baba ya sha kofi na uku na barasar gida, mahaifiyarmu ta yi ƙarfin hali ta ɗora faifan. Baba bai hana ba. Ya zauna yana kallon bango har aka zo wurin ganguna. Sai ya miƙe. Ya ɗaga hannuwansa biyu sama, ya yi taku ɗaya, ya yi na biyu, ya juya, ƙugunsa ya bugi tebur, allura ta zame ta ƙarci faifan. Ya tsaya cak. Ya koma ya zauna, ya gyara wuyan rigarsa ya ce, “Teburin nan ƙafarsa ɗaya gajera ce.” Washegari da safe ya ce wa Tihomir ina kwana.

“Shekara hamsin, Yaya, ba wanda ya faɗa min?”

“Shi ya hana. Ya ce kar a gaya wa Bora, bakinsa ba ya riƙe magana, duk gari sai ya ji.”

Ga shi kuwa na liƙa a bishiya. Baba ya san 'ya'yansa.

Ni da na yi shekara shida ina tsine wa wanda ya yi wannan tabon, har man gogewa na saya masa. Na kwance bargo, na jona garmaho. Tihomir ya ture wake gefe ya ɗauki cokali.

“Bora,” ya ce, “sa mana shirmen nan.”

Marigayi ya yi iya ƙoƙarinsa, wannan shaida ce da zan bayar ko a gaban wa. Ya yi gyaran muryarsa, shiii. Allura tana hawa tudu tana gangarowa kamar kwalekwale a kan kogi, muryar mai waƙa tana layi kamar ta mashayi, amma yana tafiya. Ya kai mu wurin ganguna. Dum, ta-ka-dum. Cokalin yayana yana biye a bakin tebur, idonsa a rufe. Suka ƙare. Tak. Tak. Na ga tudun yana zagayowa, na ga allura za ta yi tsalle kafin na uku, sai na kai babban yatsana na danne shi.

Ƙas.

Ya tsage daga baki har ramin tsakiya. Farantin garmaho ya ci gaba da juyawa a ƙarƙashinsa. Agogon kicin ya nuna huɗu da minti goma.

Tihomir ya buɗe ido. Na jira ya kore ni.

“Shekara sittin da tara,” ya ce, “ba ka koyi ajiye hannunka ba.” Ya kai hannu ya kashe injin. “Mun samu biyu. Ba laifi. Buɗe min kwalbar nan, ni ba na iya murɗa marfi.”

Na buɗe. A kan kantarsa na ga kwalabe biyar a jere, na zuma da na jam da na kokwamba, duk a rufe, suna jiran ranar da 'yarsa za ta zo daga aiki a ƙarshen mako. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na sassauta. Bai ce na gode ba, ya dai yanko burodi ya tura mini rabi.

Marigayi ya rasu ya bar abokin zamansa garmaho, wanda yanzu ya tare a Futog. Ya bar allura ɗaya, ta ji rauni amma tana samun sauƙi. Ya bar 'yan uwa shida a ƙasashen waje, kowanne a cikin leda, waɗanda ba a sa ran za su halarta domin ba a barin su fita. Ya bar farar safar hannu guda biyu, Desanka ta ce za ta yi aikin lambu da su. Ya bar tukunya mai baƙin tabo a gindi, ita ma ba ta da laifi.

Ya kuma bar rigarsa ta kwali, mai hoton samari huɗu a kan tarakta, yayana a can sama da gashi har kafaɗa. Ina kicin ɗin yayana Zoltan ya kira jiya Juma'a da safe don ta'aziyya, bayan ya gama ya ce, ba don ya tayar da magana ba, amma rigar kaɗai, tunda ba ta da ko lanƙwasa, akwai mai ba da ɗari uku. Ba zan ɓoye ba, na ji bakina yana cewa, “Baɗi fa, nawa za ta kai?” Tihomir yana ji. Ya tashi da sandarsa, ya buɗe aljihun tebur, ya ciro guduma da ƙusa mai tsawon yatsa. Ya danne rigar a bangon kicin da kafaɗarsa, ya kafa ƙusar a tsakiyar taraktan ya riƙe da hannun hagu.

“Buga,” ya ce. “Ka kula da yatsuna, su ke nan gare ni.”

Na buga sau uku. Wayar tana kan tebur ban kashe ba, na ji Zoltan yana ambaton sunan Allah.

Za a yi jana'iza gobe Lahadi da ƙarfe biyu, bayan an tashi daga Najlon, a bayan gidan Tihomir Grujin da ke Futog, ƙarƙashin bishiyar tuffa. Limamin cocinmu ya ba da uzuri, kuma mun fahimce shi. Za a raba dafaffiyar alkama kamar yadda aka saba, akwai barasar gida, akwai burodi da ajvar. Ba a bukatar furanni. Mai kujera ya zo da kujerarsa, domin huɗu ne a gidan. An roƙi Zoltan ya bar gilashinsa a gida. Masu son yi mini ta'aziyya ba za su same ni a waya ba, tana cikin jakar Desanka, kuma ta ce sai bayan kwana arba'in. Har yanzu nakan kai hannu aljihu in ji wayam, amma an ce yana wucewa.

A bakin kabari ba za a yi jawabi ba. Tihomir ya ce shi zai sallami marigayi da kansa, da bokiti biyu da marfin tukunya, sai dai yana neman hannun dama. Ya zaunar da ni a gefensa a kan benci, ya ba ni cokali ɗaya. Ni ban taɓa riƙe kiɗa ba a rayuwata. Tun jiya muke gwadawa, maƙwabta shaida ne, kuma ba mu taɓa kaiwa ƙarshe tare ba. Duk lokacin da na riga shi sai ya ɗora cokalinsa a kan nawa ya danne.

“Kana sauri, Bora. Ina za ka?”

Allah ya jiƙan rai, ya ba mu haƙurin rashi. Wanda ya iso gobe ya tarar ba mu daidaita ba, ya ajiye kujerarsa ya zauna. Za mu sake daga farko.